Me ya sa ake hana dubiya a asibiti idan annoba ta ɓarke?

Da wane dalili mai gadin asibiti zai tare mutum a ƙofa ya hana shi ganin ɗan'uwansa da ke kwance, alhali dubiya haƙƙi ce ta zumunci da ta addini? In kuma cutar ake gudu, me ya sa ake barin mai jinya ya kwana a ciki, ma'aikata kuma su shiga su fita su koma cikin iyalansu? Waɗannan tambayoyi suna dawowa a Damagaram duk lokacin da sanƙarau ko amai da gudawa ya ɓulla, a majalisun Birni da Zango, a shirye-shiryen rediyo na kiran waya, da kuma bakin ƙofar asibitin kanta.

Wanda ya taɓa tsayawa wurin ya san yadda abin yake. Tsohuwa ta taso tun asuba daga wani ƙauye na Mirya, ta biya kuɗin mota, ga langar fura ɗaure cikin ƙyalle a hannunta. Gardi ya ce, "Inna, ku yi haƙuri, mutum guda aka yarda, kuma uwar yaron tana ciki." Ta ce, "Ɗana, jikana ne fa, ido kawai zan sa masa in fito." Babu marar gaskiya tsakaninsu. Sai dai akwai bayanin da ya kamata gardin ya iya yi mata, kuma sau da yawa shi kansa ba a yi masa ba.

Abubuwa uku da ake kira da suna ɗaya

Jama'a kan ce "an killace" ga komai, amma ma'aikatan lafiya abubuwa dabam-dabam suke nufi. Keɓewa ta marar lafiya ce, wanda aka tabbatar ko ake zaton yana da cutar: a ba shi ɗaki ko tanti dabam, da makewayinsa da bokitansa. Sa ido kuwa na mai lafiya ne da ya yi cuɗanya da marar lafiya. Yana gidansa, ana bibiyarsa tsawon kwanakin da cutar ke ɗauka kafin ta bayyana. Taƙaita dubiya ita ce ta shafi kowa: a rage yawan masu shiga, a gajarta lokaci, a mai da yara da tsofaffi da masu juna biyu, ko a rufe ƙofar sashen da aka keɓe gaba ɗaya.

Sannan mai jinya dabam, ɗan dubiya dabam. A asibitocinmu, daga CSI, wato ƙaramin asibitin ƙauye, har Asibitin Ƙasa na Zinder, dangi ne ke ba marar lafiya abinci, su yi masa wanka, su kai shi makewayi, su je farmasi da takardar magani. Ma'aikata ba su da yawan da za su ɗauki wannan nauyi. Don haka mai jinya larura ce, dubiya kuwa ana iya jinkirta ta. Wannan shi ne amsar rabin tambayar da aka fara da ita.

Kowace cuta da ƙofar da take shiga

Babban abin da ba a fahimta ba shi ne, dokar ba ɗaya ba ce. Tana bin hanyar da cutar ke yaɗuwa.

Kwalara ba ta bin iska. Ta baki take shiga, daga kashi da aman marar lafiya zuwa hannu, ruwa da abinci. Tana bayyana tsakanin awa 12 da kwana 5. Mafi yawan waɗanda ƙwayar ta shiga jikinsu ko gudawa ba sa yi, amma suna iya fitar da ita cikin bayan gida har kwana 10. Shi ya sa a tantin kwalara ba takunkumi ne abin lura ba. Hannu ake tsaro, da takalmi, da tufafi, da kwano. Annobar 2021 ta kama mutum sama da 5,000 a Nijar, kuma jihar Damagaram na cikin waɗanda ta shafa.

Sanƙarau ta ɗigon yawu da majina yake bi, a tari, atishawa ko magana kusa da kusa. Lokacinsa rani ne, daga sanyin hunturu zuwa zafin bazara, lokacin da ƙura ke busar da maƙogwaro. Yakan bayyana tsakanin kwana 2 da 10. Daga 1 ga Nuwamba 2022 zuwa 27 ga Janairu 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya mutum 559 da suka kamu a jihar Damagaram, 18 suka rasu, kuma Dungas ce ta fi yawan masu cutar. Abin da ya kamata kowane iyali ya riƙe game da sanƙarau shi ne: bayan awa 24 da fara allurar da ta dace, marar lafiya ya daina yaɗa shi. Keɓewarsa gajeruwa ce ƙwarai.

Mashaƙo, wanda ya addabi Kano tun ƙarshen 2022 ya kuma ɓulla a yankin Matamaye a 2023, shi ma ta ɗigon yawu yake bi, da taɓa gyambon fata a wasu lokuta. Alamarsa ciwon maƙogwaro da wata farar yana mai duhu-duhu da ke manne a ciki, da kumburin wuya. Bayan kamar awa 48 da fara magani yaɗuwarsa takan tsaya, amma maganin kwana 14 ne cur.

Ƙyanda ta fi su duka saurin kamu, kuma ita ce muka fi rainawa. Ƙwayarta tana rataye cikin iskar ɗaki har awa 2 bayan marar lafiya ya fita. Cikin mutum 10 marasa rigakafi da suka zauna da mai ƙyanda, kusan 9 za su kamu. Yaro yana yaɗa ta tun kwana 4 kafin ƙuraje su fito, har kwana 4 bayan fitowarsu. Ke nan yaron da aka goyo zuwa dubiya da ɗan zazzaɓi da mura da jan ido, ba ƙurji ko ɗaya a jikinsa, yana iya barin cutar a ɗakin bayan tafiyarsa.

Ba kai kaɗai ake karewa ba

Mutum yakan ce, "Ni na yarda, in na kamu ruwana ne." Da haɗarin a kansa ya tsaya da an bar shi. Amma hanyar uku ce. Ɗan dubiya yana iya ɗauka ya kai gida, inda mutum goma sha ke shan randa ɗaya. Yana iya ɗauka daga gado ya kai wani gado, domin al'adarmu mai kyau ce ta a zagaya ɗaki ana yi wa kowa sannu ana miƙa hannu. Ta ukun ita ce aka fi mantawa: yana iya shigowa da cuta daga waje.

Ƙwayar sanƙarau tana zaune a maƙogwaron mutane masu lafiya sumul, har kusan mutum 1 cikin 10, kuma adadin yana ƙaruwa lokacin annoba. A ƙaddara ɗaki mai gado 20, kowane marar lafiya ya samu baƙi 5 a yini. Mutum 100 ke nan suka shaƙi iskar ɗakin suka fitar, kuma babu mamaki goma daga cikinsu suna ɗauke da ƙwayar ba su sani ba. Su wa ke kan gadajen? Jarirai da ba su kai wata 9 na allurar ƙyanda ba, mata da aka yi wa aiki, masu tarin fuka, da yaran da tamowa ta cinye garkuwar jikinsu. A wuri irin sashen yara na Magarya, inda ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta fara aiki a 2005, gadaje kan cika maƙil da irin waɗannan yara a damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro da yunwa ke haɗuwa. Ƙyandar da yaro mai ƙarfi zai warke daga ita cikin mako biyu tana iya kashe mai tamowa ko ta makantar da shi.

Su ma'aikata da ke shiga da fita, bambancinsu shi ne suna sauya tufafi da takalma, suna sa safar hannu, suna wanke hannu tsakanin marar lafiya da marar lafiya, kuma an san sunayensu in ana bukatar bibiya. Duk da haka suna kamuwa. In ma'aikacin jinya ɗaya ya kwanta a CSI mai ma'aikata biyu ko uku, haihuwa da rigakafi da komai na yankin ya tsaya.

Aikin da ke kan mai jinya

A nan ƙarfin dokar yake, a nan kuma take karyewa. Tun farko iyali su zaɓi mutum guda babba, mai lafiya, ba mai juna biyu ba, ba tsoho ba, ba mai ciwon sukari ba, kuma ba wadda ke dafa wa gida abinci ba. Ga mashaƙo da ƙyanda, a fifita wanda ya yi rigakafi ko ya taɓa yin ƙyandar. In jariri ne, uwarsa ce, kuma ba a yanke shayarwa ko da kwalara ce. Ta wanke hannu da nono da sabulu, ta ci gaba da ba shi.

A cibiyar kwalara za a tarar da wurin wanke hannu a ƙofa, da wurin taka ruwan kulorin ko mai feshi da ke fesa ƙasan takalmi. Gadon yana da rami a tsakiya, bokiti ɗaya a ƙasa na gudawa, ɗaya a gefen kai na amai. Ruwan kulorin kuma iri uku ne, kuma cakuɗa su shi ne kuskuren da aka fi yi. Mai sauƙi, kashi 0.05 cikin 100, na hannu da fata ne. Na tsakiya, kashi 0.2, na daɓe, gado da takalma. Mai ƙarfi, kashi 2, na kashi, amai da gawa ne kawai. Da hodar kulorin ta HTH ake haɗa su: babban cokali ɗaya, wato gram 15, cikin lita 20 shi ne na hannu, cokali huɗu cikin lita 20 shi ne na daɓe, cokali biyu cikin lita ɗaya tak shi ne mai ƙarfin. Wanda ya wanke hannu da mai ƙarfin fatarsa za ta tsattsage, tsagar kuma ƙofa ce ga wasu ƙwayoyin. Wanda ya zuba mai sauƙin a bokitin gudawa bai kashe komai ba, ya dai yaudari kansa. Ana ajiye su a robar da ke da murfi, nesa da rana, ba a bokitin ƙarfe ba, kuma masu sauƙin biyu kullum ake sabunta su domin ƙarfinsu yana gushewa. Bayan an zuba kulorin a bokitin kashi, a bar shi kamar minti 15 kafin a zubar.

A gida, ruwan jabel mai ƙarfin kashi 2.6 ana sirka ma'auni ɗaya da ma'auni hamsin na ruwa a samu na wanke hannu. A duba ƙarfin a jikin kwalba tukuna, don ba duka ne ɗaya ba, kuma kada a taɓa gauraya shi da wani sinadarin wanke makewayi, hayaƙinsa yana shaƙe mutum.

Wanke hannu da sabulu sakan 40 zuwa 60 ne, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, da ruwa mai zuba, ba a tsoma cikin kwano ɗaya ba. Man shafawa mai alkol sakan 20 zuwa 30 ne, amma ba ya aiki a hannun da ke da datti a fili. Lokutansa: bayan taɓa bokiti, bayan makewayi, kafin ba da abinci ko ruwan gishiri da sukari, da kafin fita. Shi ruwan gishiri da sukarin, ƙunshi ɗaya cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, kuma abin da ya kwana ya wuce awa 24 a zubar.

Ga sanƙarau da mashaƙo, takunkumin asibiti ne makami, ya rufe hanci da baki, a sauya shi in ya jiƙe, a cire shi ta igiya ba ta gaba ba. Gefen mayafi ko rawani ba ya maye gurbinsa. A bar tazarar aƙalla mita ɗaya in ba ana wani aiki ba, a bar tagogi buɗe ko da ana sanyi.

Inda abin ke lalacewa

Musayar masu jinya ita ce ta farko. An ce mutum guda, sai iyali su mai da shi karɓa-karɓa: yaya da safe, gwaggo da rana, ƙane da dare. A ƙofa mutum ɗaya ake gani kullum, amma cikin kwana uku mutum tara sun shiga sun koma gidaje dabam-dabam, kuma ɗaya kawai aka koya wa bokiti da kulorin.

Ta biyu kwano ne. Abincin da ya shiga sashen kwalara ba ya fita. Mu kuwa ba ma son zubar da abinci, sai a mai da sauran tuwo gida a ba yara. Haka zanen da ya ɓaci a ƙunshe shi a leda a je a wanke kusa da rijiya ko bakin tafki. Tufafin mai kwalara a wurin ake jiƙa su da kulorin, ko a tafasa su minti 5, sannan a shanya a rana. Buta da moɗa da wayar hannu da ake miƙawa ta taga duk hanya ce.

Sai abin hawa. Mai kabu-kabu ko adaidaita da ya kawo mai amai da gudawa yakan juya nan take ya ɗauki fasinja. Ya kamata a fesa kujera da inda ya ɓaci kafin ya tafi, shi ma ya wanke hannu. Ba wulaƙanci ba ne a tsai da shi minti goma.

Akwai kuma abin da ba laifin kowa a ƙofa ba ne. Ƙarancin ruwa tsohuwar matsala ce a birnin Zinder, kuma gidan da ke sayen jarka daga 'yan ga-ruwa yana lissafin kowane kofi. Umarnin wanke hannu ba tare da ruwa da sabulu a wurin ba magana ce kawai.

Gawa da jana'iza

Nan ne rai ya fi ɓaci, don haka a bambance. Gawar mai sanƙarau ba ta da wani haɗari mai yawa, ana yi mata sutura yadda aka saba tare da safar hannu da wanke hannu. Gawar mai kwalara tana ci gaba da fitar da ruwa mai cike da ƙwayar cuta. Ma'aikata ke wanke ta da kulorin mai kashi 2, su toshe baki da hanci da dubura da auduga da aka jiƙa a cikinsa, a naɗe, a binne da wuri. Dangi suna iya tsayawa su gani, a yi salla, a raka. Abin da ake roƙo shi ne waɗanda suka taɓa gawar kada su taɓa abincin jama'a, kuma a bar dafa abincin taro da zagayawa da ruwan sha a kofi ɗaya a zaman makoki. Ga cututtukan zubar jini irin zazzaɓin Lassa da ke maƙwabciyarmu Najeriya, ƙa'idar ta fi tsanani: ba mai taɓa gawa sai wanda aka horar, kuma ana sa ido kan waɗanda suka yi cuɗanya har kwana 21.

Addini bai bar wannan fage babu jagora ba. Hadisi ingantacce ne cewa in aka ji annoba a wata ƙasa kada a shiga, in ta faɗa ana ciki kada a fita. Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham da ya ji annoba, ya ce gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Malaman fiƙihu kuma sun san taimama ga mamaci idan wanka ya gagara. Abin da ya rage shi ne a zauna da limaman unguwa da masu wankan gawa tun kafin annoba, ba ranar da aka yi rasuwa ba.

Ƙorafin jama'a da ke da gaskiya

Ba duk mai jayayya a ƙofa ne jahili ba. Wanda aka karɓe ɗansa aka shige da shi tanti, kwana biyu ba wanda ya fito ya ce masa ga halin da ake ciki, dole ya yi zaton mafi muni. Wanda ya ga an mai da shi an kuma buɗe wa mai babbar riga, ba zai ƙara yarda cewa dokar ta lafiya ce ba. Wanda aka hana shigar da abinci alhali ba a ciyar da marar lafiyarsa da mai jinyarsa, an sa shi tsaka mai wuya. Sannan akwai tsoron tambari. Garin da ya san tarihin Kara-Kara, unguwar da aka ware wa kutare a da, ya san abin da kalmar keɓewa ke tayarwa a zuciya.

Sakamakon wannan ya fi cunkoson dubiya haɗari. Mutane su ɓoye marar lafiya a ɗaki, su nemi mai allura na unguwa, ko su sulale da shi da dare da ƙarin ruwa a hannu. Kwalarar da aka kai da wuri ba ta kashe ko mutum 1 cikin 100, amma mai tsanani da aka bari a gida tana iya kashewa cikin awoyi. Sanƙarau ma haka, jinkirin yini guda yana iya barin yaro da kurumta.

Don haka a ganinmu dokar hana dubiya daidai ce, amma bashi ce a kan asibiti. In an rufe ƙofa, wajibi ne a sa lokaci tsayayye kullum da majo ko wani ma'aikaci zai fito ya ba kowane iyali labari da Hausa, ko Barbarci, ko Fulatanci, ko Buzanci. A yi shinge mai tazarar mita biyu inda za a hango marar lafiya a yi masa sannu. A ba mai jinya kati da sunansa. A sa ruwa da sabulu da takunkumi a ƙofa kyauta. Kuma in marar lafiya ya kai gargara, a sa wa mutum ɗaya ko biyu kayan kariya su shiga su yi masa kalmar shahada. Hana wannan ba ya ƙara tsaro, ƙiyayya kawai yake haifarwa.

Yaushe ake buɗe ƙofa?

Ga marar lafiya ɗaya, kwanakin ƙidayayyu ne: awa 24 bayan fara magani a sanƙarau, kamar awa 48 a mashaƙo sai in likita ya ga a ƙara, kwana 4 bayan fitowar ƙuraje a ƙyanda. Mai kwalara yakan fita cikin kwana biyu ko uku, da zarar yana sha da kansa kuma gudawar ta lafa. Ga asibitin baki ɗaya kuwa, sassautawa tana jiran hukumomin lafiya su ga sababbin kamu sun ragu mako bayan mako.

Sallama ba ita ce ƙarshen aiki ba. Mai kwalara da ya koma gida yana iya fitar da ƙwayar na wasu kwanaki, don haka a ci gaba da zuba kulorin a makewayi, kada kuma ya dafa wa mutane abinci a makon farko. A gidan mai mashaƙo, duk wanda ya kwana ɗaki ɗaya da shi ko ya ci kwano ɗaya ana ba shi maganin kariya ko da lafiyarsa ƙalau, a sa masa ido kwana 7 zuwa 10, a kuma duba katin rigakafin yaran gidan a ga ko sun cika allurar Penta uku, mai ɗauke da rigakafin mashaƙo, ta mako 6, ta mako 10 da ta mako 14. Wanda katinsa bai cika ba, a kai shi CSI a ranar.